Shagon Papa a Gasar Legas

A shekarar 2008 ina aiki a Jos, a wani banki da ke kan titin da ya gangara unguwar Terminus, yammacin Juma'a da ranar Asabar kuma ina zuwa jami'a karatun digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Yawancinmu a ajin ma'aikata ne masu iyali, kowa ya zo neman takardar da za ta ƙara masa girma a ofis. Ni ma abin da ya kawo ni ke nan, ba wani dogon buri ba.

A tsakiyar damina wani malaminmu ya shigo da sanarwa. Wata makarantar kasuwanci ta ƙasar waje ta haɗa kai da wani banki sun shirya wa ɗaliban digiri na biyu gasa. Kowace ƙungiya mutum uku, za su zaɓi wata matsala a abin da masu gasar suka kira kasuwanni masu tasowa, wato ƙasashe irin tamu, su yi nazari a kanta, su kawo mafitar da za ta iya zama sana'a mai riba. Waɗanda suka tsallake matakin farko za su je Legas su tsaya gaban alƙalai. Ranar babu wuta, malamin a bakin taga ya tsaya yana karantawa, da ya zo kan kalmar tasowa ajin ya ɗan yi dariya.

Wadda take zama kusa da ni ce ta taɓa ni da biro. Ibo ce, Kirista, amma a unguwar Rikkos aka haife ta, layi kaɗan tsakanin gidansu da inda nake aure, kuma Hausarta ta fi ta wasu 'yan unguwarmu daɗi. Akanta ce a wani kamfanin rarraba magunguna. Tana ce mini Hajiya tun ban je Makka ba, ni kuma ina ce mata Sista, tun muna yi da wasa har ya bi mu.

"Hajiya, mu shiga mana," in ji ta. "In ba mu ci ba ma mun ga Legas a kuɗin wani."

Na ukunmu wani magidanci ne ɗan Kuru, can bayan gari, ma'aikacin gwamnati da ya girme mu sosai, mai sanyin magana. Duk ajin Oga ake ce masa. Ya yarda ya shiga bisa sharaɗin ba shi zai fara magana a gaban Turawa ba.

Batun madara daga wajena ya fito. Iyayena Fulani ne da suka zauna a gari, amma goggona, ƙanwar babana, tana ruga a bayan Kuru, kuma tun ina yarinya na san yadda madara ke yawa da damina har a rasa yadda za a yi da ita, alhali a cikin gari masu yin yogot madarar gari ta ƙasar waje suke damawa. Abin da ya rage a tsakani sanyi ne da mota. Sista ta ce ai sanyi a gidansu yake. Babanta yana da shagon kifin ƙanƙara a bakin titin Rikkos, da manyan firizoji da janareta.

Haka na san Papa, don haka kowa ke kiransa, har dattawan masallacin layin. Dogo ne, kansa duk furfura, hannuwansa kullum a jiƙe. Da kayan lantarki ya fara a babbar kasuwar Terminus, wutar 2002 ta cinye shagon da komai da ke ciki, ya dawo unguwa ya fara sayar da kifi yana da shekara sittin da wani abu. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya a bakinsa. Da muka zayyana masa shirin, ya saurara yana goge wuƙa, sannan ya ce mini, "'Yata, kai ka kawo madara, ni zan ba shi sanyi. Amma ka gaya wa goggo kar ya sa ruwa."

Na isar da saƙon. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a gaya masa shi ma kada ya bari madararta ta ɗauki ƙarnin kifi.

Watannin da suka biyo baya sun ba mu wahala. Oga ne yake kai mu ruga a tsohuwar motarsa, hanya duk taɓo, mu zauna da mata a ƙarƙashin bishiya muna tambayarsu yawan abin da suke tatsa da wanda ke lalacewa. Sau biyu ardo ya tare mu yana son jin ko gwamnati ce ta turo mu ƙidayar shanu don haraji, Oga ya sha rantsuwa da Hausa da Fulatancinsa na ƙuruciya kafin a sake da mu. Sista ta sha kindirmo har cikinta ya ɓaci. Mun gwada abin a aikace: aka kawo madara a jarkoki da sassafe, Papa ya ware mata firiza guda da ya wanke da kansa, wata mai yin yogot a Terminus ta karɓa ta ce a ƙaro. Muka ɗauki Papa hoto a gaban firizar, ya sa rigarsa ta zuwa coci don hoton. A wani gidan intanet muka aika rubutunmu, layin yana yankewa muna sakewa. Cikin Oktoba amsa ta zo cewa mun tsallake, za mu je Legas a watan Janairu.

Papa ya gaya wa duk wanda ya zo sayen kifi. Har mijina ya dawo wata rana yana cewa Papa ya tare shi ya ce hotonsa zai je gaban Turawa.

Ranar Juma'ar ƙarshen Nuwamba, washegarin zaɓen ƙananan hukumomi, na tashi na shirya yara makaranta, mijina ya leƙa waje ya dawo ya kulle ƙofa. Ya ce babu inda za a je. Kafin rana ta ɗaga hayaƙi ya tashi ta ɓangarori da yawa, muna jin gudun mutane a layi da ƙarar bindiga daga nesa. Mun ga irin wannan a 2001, don haka na san abin yi: na cika robobi da ruwa, na shigar da yara ɗakin tsakiya, na rufe tagogi. Na kira wayar Sista ba ta shiga. Na yi ta kira har cajina ya ƙare.

Da aka sassauta dokar hana fita bayan kwanaki, maƙwabciyata ce ta gaya mini a bakin famfo. Sista da mamanta da ƙannenta sun samu sun tsere barikin soja tun da safe. Papa ya ce zai je ya kashe janareta ya kulle shago ya biyo su. A shagon aka same shi. An kashe shi a bakin ƙofa, aka cinna wa wurin wuta.

Na ajiye bokiti na koma gida ban ɗebi ruwan ba. A ranakun nan mu ma muna cikin namu makokin, don ɗan yayan mijina, mai gyaran babur, harsashi ya same shi a hanyar masallaci, kuma cikin gawawwakin da aka tara aka gano shi. Gidan surukaina cike yake da masu gaisuwa. Da na ambaci Papa a can, wasu suka yi salati, wasu suka yi shiru, wata tsohuwa ta ce kowa ya ji da nasa. Ban ƙara ambata ba.

Ban iya zuwa barikin ba. Mijina ya ce hanyar ba ta mace mai hijabi ba ce a lokacin, kuma gaskiya ya faɗa. Oga ne ya je. Ya kira ni ya ce sun samu gawar, za su tafi da ita garinsu a gabas su binne, kuma Sista ba ta magana da kowa. Na rubuta mata saƙon ta'aziyya a waya, na goge, na sake rubutawa, na aika. Ba ta ba da amsa ba.

Ni da Oga muka yanke cewa maganar gasa ta mutu. Ya ce bayan sabuwar shekara zai rubuta wa masu shiryawa mun janye. Kafin ya rubuta sai ga kiran Sista, ana saura mako biyu tafiya. Muryarta ta dushe.

"Hajiya, za mu je Legas."

"Sista, ki bari kawai. Babu wanda zai ga laifinki."

"Ina zaune a gidan da kowa ke kuka daga safe zuwa yamma. In ban fita ba kaina zai juye. Zan taho daga nan, mu haɗu a can."

Na ce to. Ba ta ambaci saƙona ba, ni ma ban tayar ba.

A wani otal masu gasar suka sauke mu, mai sanyi da kafet da ma'aikata masu murmushi. Ƙungiyoyi sun zo daga jami'o'i da dama, samari da 'yan mata cikin kwat, kowa da kwamfutarsa a hannu. Da rana Sista ta iso. Ta rame, an aske mata kai kamar yadda ake yi a makokinsu, ta ɗaura baƙin ɗankwali. Na rungume ta, ta bari na rungume ta, hannuwanta a sake. Ɗaki ɗaya aka ba mu.

Da la'asar muka zauna mu uku don gyara jawabi. Oga ya buɗe kwamfuta yana wuce shafuka, har ya zo kan hoton Papa a gaban firiza. Ya yi sauri zai wuce.

"Dawo da shi," in ji Sista.

Ya dawo. Ta daɗe tana kallo. Oga ya ce a hankali, "Ƙanwata, za mu iya cire shi. Mu ce muna da mai firiza a unguwa, ya isa."

"Ya sa rigar cocinsa saboda hoton nan, Oga. A bar shi."

Akwai shafi guda da dokar gasar ta tilasta, na haɗurran da sana'ar za ta iya fuskanta. Tun a Satumba muka rubuta shi: yankewar wuta, lalacewar hanya, cutar shanu, sai a can ƙasa muka sa rashin zaman lafiya, muka ce haɗarinsa matsakaici ne. Oga ya tambaya ko a gyara. Babu wanda ya san me za a rubuta a madadinsa, aka bar shi yadda yake.

Bayan Oga ya fita, ina ninke sallaya, Sista tana zaune a bakin gado ta juya mini baya, ta ce, "Kin san su?"

Na gane abin da take nufi. Na ce ban ga komai ba, a kulle muke. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

"Ana faɗar wasu samari," na ce. "Ban san gaskiyar maganar ba. Amma na san iyayen biyu daga cikinsu."

"Kina gaisawa da su?"

"Ina gaisawa."

Ta gyaɗa kai. Ba ta nemi sunayen ba. Can ta ce ɗaya daga cikin matan layinmu kullum Papa yana ƙara mata kan kifi saboda 'ya'yanta da yawa, ko ita ce uwar ɗaya daga cikin samarin, ko ba ita ba ce. Na ce ba ita ba ce. Ta ce to, ta tashi ta shiga wanka, na ji ruwa yana zuba tsawon lokaci.

Washegari da safe aka kira mu. Alƙalai suna zaune a dogon tebur: wata Baturiya farfesa daga makarantar da ta shirya gasar, wani babban ma'aikacin banki ɗan Legas, da wani Ba'indiye mai zuba jari. Ni na fara, na yi bayanin ruga da madarar damina. Oga ya yi na hanya da mota. Sista ta yi na sanyi da lissafin riba, kuma ta yi shi daidai yadda muka saba gwadawa a shagon babanta, ba ta tsallake komai ba. Hoton ya fito a bango, ya fi mutum girma. Ta ce wannan shi ne abokin hulɗarmu na farko, ta wuce.

Da aka zo tambayoyi, Ba'indiyen ya ce tsarin ya burge shi, musamman yadda ya haɗa makiyaya Musulmi da ɗan kasuwa Kirista, don irin wannan amana ita ce jarin da ba a saye. Sannan ya ce ya karanta a jarida an yi tashin hankali a Jos kwanakin baya, yana son jin ko ya taɓa abokin hulɗar tamu, kuma ko firizojin suna aiki yanzu.

Na buɗe baki, Sista ta riga ni. Da Turanci ta amsa, muryarta ba ta rawa.

"Ba sa aiki. An ƙona shagon. Shi kuma an kashe shi a bakin ƙofa. Mahaifina ne."

Baturiyar ta dafe bakinta. Ba'indiyen ya ba da haƙuri har sau biyu, kuma na ga da gaske abin ya taɓa shi. Ma'aikacin bankin ya duba agogo, ya duba takardar makin da ke gabansa, ya yi gyaran murya. Ya ce yana taya ta baƙin ciki, amma dole ya cike gurbin da ke takardarsa, don haka yana tambaya wane tanadi muka yi wa irin wannan haɗari nan gaba. Ban ga mugunta a fuskarsa ba. Aikinsa aka ba shi.

Oga ya amsa. Ya yi maganar inshora da raba firizoji a unguwanni biyu, ɗaya ta Musulmi ɗaya ta Kirista, da direbobi biyu da za su yi musayar kaya a tsakiyar hanya. Yana faɗa ina jin yadda abin yake fita, domin ainihin abin da muka zo da shi ke nan yake rushewa a bakinsa, kuma shi ma ya sani. Alƙalin ya rubuta wani abu ya ce ya gode.

Ba mu zo ko na uku ba. Wasu samari masu tsarin sayar da katin waya ta hanyar saƙo ne suka ci, kuma sun cancanta. A wurin cin abincin rufe taro Baturiyar ta zo teburinmu ta ja kujera kusa da Sista. Ta ce labarinmu bai bar ta ta huta ba. Tana son, in mun yarda, ta rubuta shi a matsayin darasin da ɗalibanta za su riƙa nazari a kai, kan yadda ake kasuwanci a wuraren da ke fama da rikici, don irinsa ba a samu a littattafai. Ta yi maganar cikin ladabi ƙwarai.

Sista ta tambaye ta me ɗaliban za su yi da shi. Matar ta ce za su karanta, su kasu ƙungiya ƙungiya, su tattauna shawarar da ta fi dacewa mai shagon ya yanke.

"Wace shawara?" in ji Sista. "Ya je kashe janareta ne."

Sista ta ce mata ta gode, amma a'a. Baturiyar ta bar katinta a kan tebur ko za ta canja ra'ayi, ma'aikacin otal ya kwashe shi tare da faranti.

Da sassafe muka raka ta tashar motocin gabas. Oga ya riƙe mata jaka. Ya ce ta daure ta dawo ta ƙarasa zangon ƙarshe, in ma ba ta son kwana a cikin gari ga gidansa a Kuru, matarsa za ta ji daɗi. Ta ce za ta duba. Da ta zo shiga mota ta juyo gare ni ta ce in gaida goggo, in gaya mata Papa bai taɓa samun ruwa a madararta ba. Na ce zan faɗa.

Ni da Oga muka kama doguwar hanyar gida. Daga shigowa jihar shingen sojoji ya fara, a sauke mu, a buɗe jakunkuna, a mayar. A bakin gari direban ya ce shi ba ya shiga ɓangaren Rikkos, wani fasinja kuma ya ce shi ba zai yarda a bi da shi ta can ba ko an biya shi. Na sauka a mahaɗa na nemi tasi da direbanta ke da hula. Oga ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, a gaida maigida da yara."

Sista ba ta dawo ba. Ni na ƙarasa karatun, na rubuta kundina a kan wani abu dabam da ya shafi rancen banki, wanda ba ya buƙatar in je ko'ina. Goggo ta daina aiko da komai cikin gari, don matan ruga sun daina bin hanyar. Maƙwabtanmu Kiristoci da suka rage suka yi ta sayar da gidajensu ɗaya bayan ɗaya suna komawa kudancin gari, Musulmin da ke can kuma suna dawowa wajenmu.

Cikin daminar shekarar ta kira ni ina ofis. Ta samu aiki a can gabas, mamanta tana fama da hawan jini. Ta ce tana son in yi mata abu ɗaya, in je in duba mata shagon in gaya mata abin da ke wurin, don ta kasa tambayar kowa. Tun Nuwamba nake zagaye titin in bi ta baya. Da na tashi aiki na bi ta nan. An share tokar, an jingine ƙonannun firizojin a gefe ɗaya, wani mai faci ya kafa injinsa a ƙofar yana aiki, tayoyi jibge a inda teburin yankan kifi yake. Ya ɗago ya gaishe ni, na amsa. Na tsaya a gefen titi na kira ta na gaya mata yadda na gani.

Ta tambaya ko ƙofar ƙarfen tana nan. Na ce an cire ta. Ta ce to, ta gode, katin wayarta ya kusa ƙarewa.